Sawun da Ya Gagari Isaka

Isaka Mai Bin Sawu ba ya kallon fuskar mutum sai ya gama da ƙafarsa. Gado ne. Kakansa ya bi wa Abzinawa raƙuman da suka ɓace a duwatsun Garhanga, ubansa ya bi tumaki, shi kuwa tun da fari ya koro shi Madawa yake bin duk abin da ya yi ƙafa: jaki, buhun irin albasa, injin ban ruwa. In aka yi sata a unguwa, kafin a yi kuka sai an kife kwano a kan sawun, sannan a aika masa. Shekara arba'in bai taɓa dawowa hannu wofi ba, kuma in ka manta da haka shi zai tuna maka.

Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma babu wanda ya kai shi sanin littattafan kisa da 'yan sanda. Amininsa ne sanadi, Irmiya, wanda ya shekara talatin yana tura gadon marasa lafiya zuwa ɗakin fiɗa a asibitin mishan kafin ya ajiye aiki. Wata Baturiya da za ta koma gida ta bar masa kwali guda na irin littattafan nan, da Faransanci. Kullum bayan la'asar sai su zauna gindin bishiyar bedi a ƙofar Irmiya, shi yana karantawa yana juyawa Hausa, Isaka yana zagin komiser, wato babban ɗan sandan da ke binciken.

"Ɗan Mishan, wanga komiser naka jaki ne. Kwana ukku shina shan taba shina tambayar mutane. Mutum ake tambaya? Ya dubi ƙasa mana!"

"Kwalta ce garinsu."

"To shi tahi bayan gida. Kowace kwalta da inda ta ƙare."

Isaka yana da ma'auninsa. Littafin da ya gane mai kisan kafin a sha shayin farko, wannan na yara ne. Wanda marubucin ya ɓoye wani ɗan'uwa sai a shafin ƙarshe ya fito da shi, wannan ha'inci ne, irin na mai jera manyan albasa a bakin buhu. Na ƙwarai shi ne wanda aka shimfiɗa maka komai a gabanka, ka taka ka wuce, daga baya ka riƙe baki.

Abin da ke jawo shi kullum dai wani abu ne dabam, kuma sau ɗaya ya taɓa faɗa. "Mutumen littafi na da daɗin aiki. Shi tara mutane ɗaki, shi nuna mai laifi da yatsa, littafi ya ƙare. Ni in na nuna mutum, ranar Juma'a sahu guda muka tsayawa, ƙafatai na taɓa tawa."

A shekarar da ta wuce littattafan suka gyaru, babu wanda ya san dalili. Komiser ya fara durƙusawa yana duba ƙasa. Ya fara shinshina kashin jaki a tsakiyar birnin Turawa. Wani attajiri ya mutu saboda rikicin iyakar gona, aka sami gawar wani a rijiyar lambu. Majalisa ta cika, har masu shago suna rufewa da wuri. Isaka ya ce ai dama ya faɗa, Bature in ya daɗe yana rubutu yakan yi hankali.

Sai Mushe Mahaman, kamar yadda ake kiran malaman boko, tsohon daraktan lakwal, ya dawo gari daga Buza. Ya zauna yini biyu yana saurare, ya ce shi duk karatunsa bai taɓa cin karo da irin wannan ba, ranar Litinin zai zo ya ari littafin ya karanta da kansa.

Ranar Lahadi da hantsi Irmiya ya ce kansa na ciwo, matarsa, ita ma sunanta Lahadi, ta tafi majami'a ita kaɗai. Da ta dawo ta tarar da ƙofar ɗakin baya a buɗe, kwalin babu, maigidan ya ce barci yake bai ji komai ba. Ta kife roba a kan sawu, ta aika.

Isaka ya zo da sandarsa, rabin unguwa a bayansa. Ya ɗaga robar. Sawu ne na takalmin taya, irin wanda kowa ke da shi, yana fuskantar ɗaki, babu na fita.

"Aljani ne," in ji Surajo mai shago. "Ya shiga bai hito ba."

Isaka ya sunkuya a kan sawun. Yatsu sun nutse kafin diddige, rairayi ya zube ta inda bai kamata ba: da baya da baya mutumin ya fita, dabarar da babu ɓarawon ƙasar Adar da zai ɓata lokacinsa a kanta, sai wanda ya karanta ta. Takun gajere ne, na ƙafar da ta saba tura abu mai nauyi. Isaka ya san ƙafar nan kamar tasa. Har murmushi ya taso masa, sai ya ga sauran. Da mutumin ya juya ya miƙe hanya, ya bi jikin katanga taku bayan taku, ya yi tuntuɓe da turmi, turmin da ke tsaye tsakar gida da rana tsaka. Ya ɗaga kai ya dubi amininsa. Irmiya yana kallon wajen da muryoyi suke, ba wajen da mutane suke ba.

Sawun ya fita ta ƙofar baya, ya nufi rudun albasar Irmiya, 'yar bukkar ajiya da ke bakin lambu. Taku talatin ne. Isaka ya yi goma sha biyar, jama'a na binsa, ya tsaya a kan wani fako mai tsakuwa. Ya durƙusa, ya tashi, ya kewaya.

"Ya ɓace mini."

Surajo ne ya fara dariya. "Baba Isaka, ko a kira komiser na littafi?" Kafin magariba labari ya kai kasuwar dabbobi. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce dama can sa'a ce.

Washegari bayan la'asar su biyu ne kawai gindin bedi, tunda babu littafi.

"Ɗan Mishan, tun yaushe?"

Irmiya ya ajiye kofin shayi. "Tun damanar bara. Yanar ido ce, duka biyu. Baƙaƙen sun koma awa tururuwa cikin hura."

"Kai kenan ka kashe attajirin ga kan iyakar gona?"

"Ni ne."

"Da na rijiya?"

"Shi ma."

"La'ilaha! Dattijon majami'a, gawa bakwai! To mi ya hana ka tahi a cire yanar? Ƙofar asibitin ta san ka."

"Isaka, shekara talatin ina tura mutane ina ce musu ba zahi. Na ga wuƙaƙen da idona. Ban taɓa kwanciya bisa gadon ba."

Isaka ya yi dariya har ya shaƙe, Lahadi ta leƙo ta ce wa mijinta, lafiya, Baban Mika? Suka ce lafiya lau. Da ta koma, ya matso da tabarmarsa.

"Saurara. Jiya na sai da sunan kakana saboda kai, yara na bi na suna nuna mini sawun kaza. Alhamis mu hau mota, ni da kai. In ka ƙi, sawun ga zai dawo mini, gaban Surajo, gaban Lahadi."

"Wannan ai ƙwace ne."

"Shi ne. Kuma in an buɗe idon, ka riƙe littafin a hannu don mutane, amma kar ka kuskura ka karanta mini abin da ke ciki."

Irmiya ya share ido da bakin riga. "Alhamis ɗin ga, ko ta sama?"

"Wagga. Kuma ni zan tura gadon."