Malam Yunana da Raken Suruki

Kafin rana ta yi zafi, Malam Yunana ya riga ya ɗaure wuƙarsa a bayan keke ya gangara fadamun Makarfi. Malamin gona ne. Da yana da babur na ofis, amma a shekarun soja, da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, mai ya gagara, babur ya kwanta. Shi bai kwanta ba. Ba ya wuce gona sai ya tsaya ya juya ganye ya duba bayansa, har manoma suna yi masa tsiya wai ya fi gaisawa da shuka a kan mutane.

Wata safiya ya tarar da wani manomi, Lado, tsaye cikin rakensa, ganyen sama ya yi rawaya yana bushewa.

"Rashin taki ne, Malam," in ji Lado. "Bana ko buhu ɗaya ban gani ba."

Yunana ya sari kara ɗaya ya tsaga. Ciki ja wur, ga warin tsami kamar kunun da ya kwana.

"Ba yunwa ba ce, ciwo ne," ya ce. "Cikin iri yake zuwa, ruwa ya ɗauke shi zuwa gonar maƙwabci. Sai a tumɓuke a ƙone. Ina ka samo irin?"

Lado ya sunkuyar da kai. Kyautar surukinsa ce, Alhaji Usmanu na Kudan. To, wa ya isa ya cinna wa kyautar suruki wuta? Gara ya rasa gonar. Sai dai ba shi kaɗai zai rasa ba, fadamar ce gaba ɗaya.

Yunana bai ja da shi ba. Washegari ya taka keke har Kudan, ya durƙusa ya gai da dattijon, ya roƙi a kai shi gona. Can ya miƙa masa wuƙar ya ce, "Baba, da hannunka." Alhaji ya tsaga rakensa, ya sansana, ya ji warin tsamin nan. Bayan kwana biyu, shi da kansa ya zo ya ƙyasta ashana a gonar Lado, yana cewa, "Ni na kawo, ni zan kawar."

Kai ne, Malam, ka ceci fadama ba tare da ka kunyata kowa ba. Yau kana zaune a garin Furana, ido ya yi rauni, keke yana jingine babu iska a taya. Wallahi mu manoma muna kewarka. In ganye ya yi rawaya, har yanzu mukan waiga hanya.

Mun gode, likitan shuka. Matasan malaman gona, ku sauka daga mota ku juya ganye kamar yadda ya yi.

Lado kuwa, da furfurarsa, duk shekara shi ke kai maka raken farko, Malam. Ba ka ganinsa sosai, amma sai ka tsaga, ka kai hanci, ka ce, "Lafiya lau." Sannan kowa ya sha.