Wane Gida Innar Adidogome Ta Koma?

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda in rubuta ta. Karatuna bai wuce firamare ba, shi ma da Faransanci aka yi mana, rubutun Hausa kuwa a waya na koya wajen amsa saƙon 'ya'yana. Ina tsoron in yi kuskure a yi mini dariya. Abin da ya fi wannan, ina tsoron in yi maganar baiwar Allahn da ba ta ba ni izini ba. Sai da na ga shirun ba ya kai ni ko'ina sannan na zauna.

Tun rasuwar maigidana ni kaɗai nake a ɗakinmu na haya a Zango, nan Lome. 'Yata tana aure a Akra, ɗana yana jan babbar mota daga tashar jiragen ruwa zuwa Yamai, in ya zo Lome bai cika kwana ba. Da safe ina suyar ƙosai a ƙofar gida. Bayan azahar in zauna in tsince waken gobe, rediyon marigayi a kan taga, an ɗaure eriyarta da zare don ta karye.

Akwai wata ƙaramar tasha da ke ba mu fili da Hausa bayan la'asar. A nan nake jin abin da garin ke ciki: kansiloli sun sake zama a kan kwatar da ke cika mana layi da ruwa duk damina, za a yi wa yara rigakafi, samarin unguwa kaza za su yi wasan kwaikwayo. Wata rana a kawo ma'aikaciyar asibiti ta yi bayanin hawan jini, wanda muke ce wa tansiyo, ciwon da nake fama da shi. In an gama labarai sai mai gabatarwa ya buɗe layi, mutane su yi ta gaishe-gaishe. Wannan ya gaida surukinsa a unguwar Hedzranawe, waccan ta gaida kawunta da ya sauka daga Makka. Ban taɓa jin an gaishe ni ba, ban kuma sa rai ba.

Cikin masu kiran akwai wata dattijuwa. Ba ta taɓa faɗin sunanta ba, mai gabatarwa ne ya sa mata Innar Adidogome, don daga wannan unguwar take kira. Wasan jika da kaka suke yi. Da ya ji muryarta sai ya ce, "Jama'a a gyara zama, amaryata ta iso."

Ita kuma ta ce, "Kai tahi can, angon da ba ya cefane. Ko goro ban gani ba."

"Inna, da wane haƙorin za ki ci goron?"

"Da naka, in na zo na cire."

In sun gama dariya sai ta yi gaisuwarta, kullum iri ɗaya, da irin Hausar mutanen Adar masu cewa lahiya. Ta ce, "Masu tansiyo, a haɗiyi ƙwaya tun ba a manta ba. Kuma ina gaida duk wanda ya ci tuwonai shi kaɗai."

Ranar da na fara jin haka akwai kwanon tuwo a gefena, na ci rabi na rufe. Ban san lokacin da bakina ya ce "Ina amsawa" ba. Sai na waiga ƙofa, kada a ce wani ya ji ina magana da rediyo. Daga ranar nake amsawa, a hankali. Maganina ma na mayar da shansa wannan lokaci, don ni mai kokwanto ce, in na sha da safe sai in wuni ina tambayar kaina ko na sha. Amma in Inna ta ce a haɗiya na haɗiya, shi ke nan hankalina ya kwanta. Har cikin addu'ata na sa ta, bayan iyayena da 'ya'yana, ina cewa Allah ya ƙara wa Innar Adidogome lafiya.

A ƙarshen wata damina sai kiranta ya ɗauke. Da farko na ce ko kuɗin wayarta ne ya ƙare, ko ruwa ya shiga ɗakinta kamar yadda yake shiga namu. Aka ɗauki lokaci. Ranar nan wani mai kira ya ce wa mai gabatarwa, "Wai ina amaryarka ne, ko yaji ta yi?" Mai gabatarwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Ai an ce mana Inna ta koma gida. Allah ya sada mu da alheri." Sai ya sa kiɗa.

Na zauna da faifan wake a cinya. Mu a Zango kusan kowa yana da wani gida bayan wannan. In aka ce wane ya koma gida, mai yiwuwa ya tattara kayansa ya nufi Tawa ko Sakkwato ko Gaya. Mai yiwuwa kuma an kai shi makwancinsa, ana sassauta maganar ne. Abin da ke biyo baya shi ke raba su, ko a ce Allah ya kiyaye hanya, ko a ce Allah ya jiƙansa. Shi kuwa mai gabatarwa ya zaɓi addu'ar da ta hau duka biyun.

Da magariba na ɗaga hannu, na wuce iyayena, na wuce 'ya'yana, na iso kanta sai na tsaya. In na ce Allah ya jiƙanta alhali tana can ƙauyensu tana shan fura, kamar na yi mata fatan mutuwa ne. In na ce Allah ya ƙara mata lafiya alhali tana kabari, na hana ta abin da ta fi bukata daga wurina.

Na tambayi maƙwabciyata, wadda ta zo daga Doso tana sayar da atamfa. Ta ce, "Haba Yaya, gida gida ne mana. Tsohuwa ta gaji da zafin Lome ta tafi wajen danginta. Ke komai sai kin sa masa likkafani." Na tambayi matar limaminmu, wadda kakanninta suka zo daga Kano, ita ko hanyar ba ta sani ba. Ta ce, "Inna lillahi. Tsohuwa irin wannan wane gida ya rage mata in ba na gaskiya ba?" Ta kai maganar wurin Malam, ya aiko mini cewa rahama ana roƙa wa mai rai da mamaci, in ce Allah ya yi mata rahama, ya wadatar. Na san gaskiya ya faɗa. Na gwada. Amma duk lokacin da na faɗa, a kunnena ta'aziyya ce, sai in ji kamar na rufe ta da hannuna.

Na yi niyyar kiran tashar. Sau da yawa ina danna lambar in kashe kafin ta shiga. Ranar da na daure ta shiga, sai na ji muryata tana fitowa daga taga, mai gabatarwa yana cewa, "Hajiya, rage rediyonki, daga ina ake kira?" Na tuna duk Zango na ji. Na tuna in rasuwa Inna ta yi, wataƙila 'ya'yanta na saurare, ni da ban san su ba in tayar musu da ciwo a bainar jama'a. Na ce, "Ina gaida kowa da kowa," na kashe. Kafin in sake samun ƙarfin hali an canza mai gabatarwa, an kawo wani saurayi mai rabin magana da Faransanci. Shi na kira bayan an tashi daga shirin, ya ce, "Maman, wallahi ban tarar da ita ba. Wanda ya san ta ya bar aiki, an ce yana Kwatano."

Har Adidogome na je. Na hau zemijan, wato acaɓa, ni da ke tsoron babur, ina riƙe da rigar mai tuƙi har muka isa. Na sami layin da matanmu ke sayar da kuka da daddawa a kasuwa, na yi sallama, na ce ina neman wata Inna mai kiran rediyo.

Wata mai kuɓewa busasshiya ta ce, "Baiwar Allah, duba layin nan da kyau. Wace ce ba inna ba a cikinmu?"

Suka yi dariya, ni ma na yi. Suka ce fara ce ko baƙa, doguwa ko gajera, matar wa? Ban san ko ɗaya ba. Na ce tana cewa lahiya. Suka ce rabin kasuwar nan lahiya suke cewa. Ɗaya ta ce ta san wata da ta rasu bayan ruwan nan, amma ba ta da waya. Wata ta ce ta san wadda ɗanta ya zo ya tafi da ita, amma wannan kurma ce. Suka ba ni ruwa na sha, na hau babur na dawo.

Yanzu ina kunna shirin kamar da. Kwatar tana nan, kansiloli suna ta zama. Maganin kuwa na koma kokwanto, wani lokaci sai na zazzage kwalin na duba. In an buɗe layi ana gaishe-gaishe, nakan rufe kwanona in jira har a sa kiɗan rufewa.

Ga abin da na sani game da ita, ko wani zai gane ta. Muryarta tana da ɗan kaushi, takan yi tari kaɗan kafin ta yi sallama. In tana magana ana jin keken ɗinki a bayanta, wani lokaci da ƙahon manyan motoci, ina zaton gidan yana bakin titi. Ta taɓa cewa tana da jika mai koyon aikin asibiti. Ba na neman sunanta, ba na neman lambar kowa. Wanda ya sani, don Allah ya kira shirin Hausa na bayan la'asar ya faɗi wane gida ta koma, ina saurare kullum. In na gaskiya ne, a faɗa kai tsaye, zan iya ɗauka, in san abin da zan roƙa mata. In kuwa ƙauyensu ne, wanda zai je can ya gaya mata akwai wata mai ƙosai a Zango da take amsa gaisuwarta.