Katakon Baba da Sunan Jikana

Fankoki na ta juyawa a falona na Treichville, ni ma ina ta kai-komo a tsakaninsu, na kasa zama.

Bututun ruwa ne ya fashe, ruwa ya kwanta a kan daɓen katakon da mahaifina ya buga da hannunsa. A Abidjan kuwa ko riga da ƙyar take bushewa, balle katako. Gefunan allunan har sun fara ɗagowa.

Ɗazu ɗana Musa ya shigo da dardumai a kafaɗa, don gobe ne sunan ɗansa.

"Baba, mu shimfiɗa a kai kawai. Wa zai ɗaga darduma ya leƙa?"

"A rufe jiƙaƙƙen katako, jama'a su zauna a kai? Ruɓewa zai yi ta ƙasa."

"To a ɓamɓare a sa karo mana, tayil ɗin nan, kamar kowa. Haba Baba, katako ne fa!"

"Kakanka ne ya buga shi."

"Shi ma jaririn ai sunan kakan nawa zai ci."

Na ce ba za a rufe ba. Ya kwashi dardumansa, ya ce to a gidan surukansa a unguwar Adjamé za a yi suna.

Duk bokon da na yi, ƙarshensa gadin fanka da addu'ar kada a ɗauke wuta.

Gobe za a raɗa wa yaro sunan Babana a gidan wasu. Ni ina nan ina dafa katakonsa, har yanzu da sanyi. Ku gaya mini gaskiya, wanne ya kamata in tsare?