Goron da Kawu Mammadu Bai Aika Ba

Kawu Mammadu yayan mahaifiyata ne, kuma in ka ji shi yana bayanin duwatsun ƙauyenmu, Gindin Fa, sai ka rantse shi ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ya jera. Kakansa Babarbare ne daga wajen Haɗeja, fatauci ya kawo shi ƙasar Dutse, ya ga dabino ya ƙi komawa. Kawu ya gaji gona a gindin wani shimfiɗaɗɗen dutse, ya gaji dabinai, ya kuma gaji baki. A ganina bakin ya fi gonar albarka.

Ni sunana Muntaka, direban bas ne, a unguwar Takur cikin garin Dutse nake zaune. Ni na fara kai masa baƙi, wasu ma'aikata da ɗalibai da suka ce hayaniyar gari ta ishe su, suna son su kafa tanti a karkara su huta. Kawu ya share musu fili a inuwar dabinai, ya kawo randa, Ya Fanna matarsa ta yi musu dambu. Daga nan abin ya ɗore. Da an gama girbi sai in riƙa kwaso masa mutane duk ƙarshen mako.

Ya tsara musu yawo yadda yake so. Da hantsi a hau dutse kafin ya ɗau zafi, a tsaya a ƙoli a hango rufin gidajen Dutse suna ƙyalli. A gangaro ta kogon da rema ke shan rana a bakinsa, a leƙa kwarmin da ruwan damina ke kwanciya har tsakiyar rani, a bi ta tafki a ga balbelu. Sai a ƙare a gindin dabino, inda Kawu, da furfurarsa, zai ɗaure gwado ya haye sama ya nuna musu yadda ake ɗaura furen namiji a cikin na mace don itacen ya yi 'ya'ya. A nan ake tafa masa, shi kuwa tafin nan ya fi masa tuwo daɗi.

A ɗaya gefen gonar akwai rugar Baffa Modibbo. Tun kafin a haife ni suke tare. Al'adar ita ce, in an kwashe amfanin gona, mai gona zai aika wa makiyayi goro, ma'ana ya zo ya sauka. Shanu su ci kara da harawa, su bar wa gona taki, kowa ya amfana. Kowace shekara Kawu ke aika goron, kowace shekara Baffa ke zuwa da garkensa da matarsa Goggo Indo. Da yake Bafulatani da Babarbare abokan wasa ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Wannan ya ce bawana, wancan ya ce kai ne dai bawan. Amma ranar da ɗan Kawu ya rasu, Baffa ne ya zauna da shi har aka watse.

Da ƙafarsa Kawu ya kai baƙi rugar. Wata rana suka sauko daga dutse ƙishi ya kama su, ya ce su biyo shi ya kai su wajen bawansa su sha fura. Goggo Indo ta dama musu a ƙwarya da nono mai sanyi. Baffa bai ce musu komai ba in ban da sannu, sai da la'asar ta yi ya miƙe ya kira shanunsa, kowace saniya da sunanta, tana ɗago kai tana tahowa. Baƙi suka rikice. Wata ɗaliba mai suna Khaulat har da hawaye.

Tun daga ranar, duk wanda na ɗauko tambayarsa ɗaya ce tun a mota: yaushe za a je wajen mai shanu?

Na ga kishi iri-iri a duniya, amma ban taɓa ganin dattijo yana kishin saniya ba sai a kan Kawu. Yana can saman dabino, ƙaya na sukarsa, sai ya hango rabin mutanensa sun sulale sun nufi ruga. Ya sauko ya cika ya yi fam. Da aka nuna masa hotunan da suka ɗauka a waya, ya duba ya sake dubawa, shanu ne da Baffa da ƙwaryar Goggo Indo. Shi gwiwar hannunsa kawai ta fito a gefen wani hoto.

"Me ya yi musu?" ya tambaye ni. "Kai Muntaka, faɗa mini. Ni na hau dutse, ni na hau dabino, maƙogwarona ya bushe da bayani. Shi yana zaune ya jingina da sanda, ko labari ɗaya bai iya ba."

Na ce, "Kawu, ai baƙinka ne duk inda suka je."

Ya ce, "Rufe mini baki, ɗan mota."

Sai ya shiga dabaru. Ya ce wa baƙi rugar ƙudaje sun yi yawa. Ya ce nonon bana tsami gare shi. Ya tsawaita hanyar dutse don a iso bayan shanu sun fita kiwo, baƙi suka ce ba komai, sa jira su dawo. Ya ƙirƙiro labarin wani maciji mai gemu a cikin kogo, suka yi dariya, suka ce to yanzu a je a sha fura. Abin ya ba ni dariya a lokacin, ban san ya ci masa rai haka ba.

Kakar bara, da aka kwashe gero da dawa, Ya Fanna ta sayo goro mai kyau, ta naɗe a ganye ta ajiye masa. Ya ce gobe. Gobe ta zo ya ce jibi.

"Malam, goron nan zai bushe," in ji ta.

"Ya bushe mana. Kullum ni ke aikawa, kullum ni ke roƙo. Tunda ya zama babban mutum, bana ya tako ya ce, Mammadu, ka ba ni wuri."

Ta ce, "Ka fi kowa sanin ba zai yi ba."

Ya sani kuwa. Bafulatani irin Baffa yana da fulako, kunyar nan tasu da ke hana mutum buɗe baki ya nemi abu ko yunwa za ta kashe shi. Ya zo da garkensa a kan lokaci, ya tsaya a bakin tafki, inda daga ƙofar gidan Kawu ana hango fararen shanun. Ya yi kwanaki a nan. Kawu yana fitowa ya kalle su ya koma ciki yana ƙwafa. Rannan da safe aka duba babu su. Wani manomi a wajen Aujara, Alhaji Uwaisu, ya ji labari ya aika da nasa goron.

Da na kawo baƙin farko bayan haka, har da Khaulat da ƙawayenta, Kawu ya yi musu yawon da bai taɓa yi ba. Suka gode, suka tafa, sannan suka waiga inda rugar take a da. Suka yi ta naci a kai su wajen mai shanu, har ya ce in tayar da mota mu tafi Aujara. A hanya yana ta cika baki, wai yau zai ci wa bawansa mutunci a gaban jama'a.

Baffa ya tarbe mu ya shimfiɗa tabarma. Kawu ya ce, "Kai bawana, gudu ka yi?" Baffa bai rama ba. Ya ja shi gefe, ni ina kusa ina jin su.

"Malam Mammadu, na jira ka a bakin tafki. Na yi ta tunanin laifin da na yi maka, ban gano ba. In akwai, ka yafe mini."

Baffa ya ci gaba.

"Alhaji ya nemi in riƙa sauka a nan duk shekara, na kuwa amsa masa. Sai abu ɗaya nake roƙonka. Yaran nan, kada ka sake kawo su. Suna firgita mini maruƙa, Indo kuma ba ta son a ɗauke ta hoto, kunya take ji. Ban taɓa son abin ba. Don baƙinka ne muke shimfiɗa musu tabarma."

Wallahi na ji tausayin Kawu har cikin raina, na kuma ji haushinsa. Na kwaso su muka dawo Gindin Fa.

Washegari da hantsi ya hau da su dutse kamar kullum. Yanzu baƙin nasa ne shi kaɗai, babu mai sulalewa. A ƙoli suka kewaye shi suna jiran bayani, shi kuwa ya juya wa Dutse baya, ya tsaya yana kallon ƙasa, inda karan dawa ke tsaye a gonarsa babu abin da ya taɓa su. Sai Khaulat ta ce, "Baba, me za mu kalla a nan?"

Ya ɗaga hannu ya nuna gonar. Ya ce, "A nan shanun suke kwana."