Tafasar da Na Yi wa Gadi a Makka

Ka yarda ko kar ka yarda, ni nan na taɓa zama maigadin ciyawa a garin Makka, ba albashi, ba hutun Juma'a. Wanda ya ce ƙarya ce ya zo Utaibiyya ya tambaya, har magen unguwarmu ta san labarin.

Shekarar da aka tafka ruwan nan, duwatsun Makka suka yi kore shar, 'yan gari na fita da motoci suna ɗaukar hoto kamar an yi musu haihuwa, ni ina kiwon tumakin wani Balarabe a wani kwari bayan gari. Kwarin cike yake da itatuwan ƙaya irin namu, sai dai waɗannan sun fi namu talauci. A gindin ɗaya na gan ta, ganye bibbiyu suna kallon juna, kai mai faɗi, gindi siriri. Na durƙusa kusa da ita. Na ce wallahi tafasa ce.

Tun da na zo aikin hajji na maƙale, ban sake ganin ɗanyar tafasa ba. Ba ni da igama, wato takardar izinin zama, in na leƙa gida babu dawowa. Alhazai kan kawo busasshiya a ƙullin leda, amma busasshiyar tafasa ai gawa ce, sai dai ka yi mata addu'a. Wannan kuwa ga ta a tsaye da ranta, kamar wadda take fitowa bayan dangar gidanmu. Na riƙa raya wa kaina wata Hajiya ce ta karkaɗe jaka, iri ya faɗi, ruwa ya jawo shi har gabana.

Sai dai da sauran magana. Makka na da tata, sana makki, wadda a gida muke cewa filasko, mai wanke ciki har da tunanin mutum. Kafin su yi fure kamar 'yan uwa suke, ni kuma shekaru sun cinye mini ido. Abin da na riƙe daga tsofaffinmu shi ne fure. Na tafasa ruwan ɗorawa ne, yana maƙale a hammatar ganye, 'ya'yanta dogaye sirara kamar tsinke. Na filasko kuwa jerawa yake a kan sanda ya ɗaga kai, 'ya'yansa fale-fale, a lanƙwashe kamar ƙoda. Na ce to, zan jira fure.

Na kewaye ta da tsohuwar taya da bulo. Na yi faɗa da wani rago a kanta har muka daina gaisawa. Ruwan da nake sha nake raba mana. Ta kai gwiwa, ta baje, ta fara ƙunso wasu 'yan ƙwayoyi a kai.

Mutum ɗaya na faɗa wa, abokin ɗakina, Badamagare mai wankin motoci. Ni Bakano ne, kun san tsakaninmu da su, bawana nake ce masa shi ma haka. Mun raba katifa, mun raba zazzaɓi, mun taɓa tsallake katanga ɗaya a guje. Na kai shi ya gani. Ya yi dariya har ya zauna a kan kashin tumaki, wai Bakano ko dutse ya gani sai ya ce zai yi miya. Na sa shi ya rantse ba zai taɓa ba, ya rantse.

Wata Juma'a bayan an sauko na dawo ɗaki, sai ƙamshin ƙuli-ƙuli ya tare ni a ƙofa. Ga kwaɗo a faranti, kore, an yanka albasa, har da mai. Ya ce wata Hajiya 'yar garinsu ce ta shigo umara ta kawo ganye sabon tsinka. Ban tambayi yadda ganye ya keto teku bai yanƙwane ba. Na zauna. Da ɗan ɗaci, na ce ai tafasa da ma ba zuma ba ce. Na ci, na suɗe hannu, na sa wa Hajiyar da ba a haifa ba albarka. Idona har ya kawo ruwa, shi kuma yana ta tura mini gefen da ya fi mai.

Ba a kira la'asar ba cikina ya fara kiran tasa sallar. Banɗaki ɗaya ne a gidan, mu biyu muka mai da shi safa da marwa. Duk da haka ban zarge shi ba, na ɗora wa man laifin.

Da safe na lallaɓa kwarin ina dafa bango. Tayar na nan, bulo na nan. Tsakiya kuwa kututture ne, an aske shi tas, har 'yan ƙwayoyin da suka rage kwana kaɗan su buɗe. A ƙasa ga sawun silifas ɗinsa mai tsagaggen dunduniya, wanda ko a lahira zan gane.

Na same shi kwance a ɗaki ya rame kamar wanda ya yi azumin kaffara. Ban yi masa wasan bawa ba. Na ce masa ba cikina nake ji ba, furen nake so in gani da idona, ko da filasko ne, in san abin da na yi wa hidima. Na ce ya ci amana, kuma ya sa na ci ta da hannuna ina godiya.

Ya ɗago kai da ƙyar, hannu a ciki, ya ce, "Bawana, fure kake jira ya faɗa maka, ga shi cikinka ya faɗa maka. In tafasar Kano kake nema, tashi ka miƙa kanka ga 'yan sanda, jirgin waɗanda aka kora ba a biya, har gindinta za su sauke ka."