Inna Dudu da Ƙullin Tsohon Taru

Kafin masunta su dawo da kamun safe, Inna Dudu ta riga ta shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gidanta, ta jawo ƙwarya da wuƙa da busasshiyar fatar sa. Idonta ya yi rauni yanzu, da yatsu take aiki. Takan yanko fata mai faɗi, ta kankare gashin, ta naɗe ta tamau, sannan ta danna da farce. In farcen ya ɗan shiga, ta jefa a ƙwarya. In ya ƙi, ta jiƙa ta a ruwa ta bari sai gobe. Mata na wucewa da kifi a ka suna gaishe ta, 'yan kwikwiyo na kokawa a kan ƙafafunta, ita kuwa tana yi musu faɗa kamar jikoki.

Na rasa sunan da zan ba wannan sana'a. Ba likitar dabbobi ba ce, ba maharbiya ba, ba kuma 'yar kasuwa ba. Na tambaye ta, ta ce ita ma ba ta sani ba. Abin da kowa ya sani a wannan gefe na tafkin Kainji, daga ƙasar Ngaski har Shanga, shi ne wanda karyarsa ta haihu, haƙora suka fara yi wa 'ya'yan ƙaiƙayi, wurin Inna Dudu zai zo ya ji abin da zai ba su su tauna. Wani zai ce an rasa wanda za a yi wa jinjina sai mai hidimar karnuka. To, ya je ya tambayi manomin da ya taɓa zuwa gona ya tarar birai sun riga shi girbi.

A gungu aka haife ta, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, kuma shekarar da aka samu 'yancin kai ta tare a gidan mijinta Sahabi. Albasa suke nomawa, kifi suke kamawa. Mutanen gungunsu suna da wata al'ada: in kwikwiyo ya fara cizon takalma da bakin tabarma, sai a yanko tsohon taru mai ƙarnin kifi a ƙulle masa, ya yi ta gwigwiya. Tarun lokacin na zaren rama ne, in ya tsufa ko akuya ta ci ba abin da zai same ta. Dudu ta gaji iya ƙullin daga innarta, har maƙwabta suka sakar mata aikin.

Da aka gama madatsar Kainji ruwa ya haɗiye gungun, aka kwashe su zuwa sabon ƙauye mai ɗakunan siminti, aka nuna musu daji aka ce ga gona. Mutanen da ba su taɓa gadin shuka ba sai ga su da birai da gadu a matsayin maƙwabta. Kare, wanda da can abokin zaman bakin ruwa ne kawai, ya zama shi ne katangar dawa.

A daidai lokacin ne kuma 'yan kwikwiyo suka fara mutuwa. Lafiyayye yau, gobe amai, jibi ciki ya kumbura, sai a wayi gari ya miƙe. Gidan Dudu, gidan maƙwabciyarta Laraba, har ƙarshen layi. Manyan karnuka ba abin da ya same su, kuma wannan ya ƙara rikita kowa.

Bappa, dattijon da ke riƙe da al'adun gungu, ya ce, "Mun baro magabata cikin ruwa ba mu yi musu sallama yadda ta kamata ba. Karnai su ka hwara ganin hushinsu."

Liman ya ce a yi haƙuri da ƙaddara, a yawaita addu'a. Laraba ta dawo daga coci ta ce ita dai sanyin simintin nan take zargi. Wasu suka ce ruwan rijiya ne, don karen gungu bai saba da shi ba.

Dudu ba ta san wanda za ta bi ba, sai ta bi su duka. Ta yi sadaka. Ta je bakin tafki ta zuba fura ta nemi afuwar na ƙarƙashin ruwa. Ta ɗauke 'yan kwikwiyon daga kan siminti, ta riƙa ɗebo musu ruwan tafki a ka. Duk wanda ya yi kuka kuma, don tausayi, sai ta ƙulla masa sabon guntun taru. Taru kuwa ya wadata, don 'yan kasuwar Yelwa sun kawo sabo na zaren roba, itatuwan da ruwa ya binne suna ta yaga shi, guntaye ko'ina a bakin gaɓa.

Damina ta farko birai suka cinye gonar Sahabi tas. Ta biyu na shigowa karyarsu ta sake haihuwa, ga shi ta tsufa, kowa ya san wannan ce haihuwarta ta ƙarshe. 'Ya'yan nan ma suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Sahabi ya ce, "In birai sunka yi muna bana yadda sunka yi bara, ni na gama. Mu tattara mu koma Yelwa in yi dako."

Ta ce, "Maigida, mu sake tashi kuma? Wa nis sani a Yelwa?"

Ta riga ta bar kabarin innarta a ƙarƙashin ruwa, yanzu kuma ana maganar ta bar sauran danginta da ke raye. Tsoro ya kama ta sosai.

Ranar da suka rage biyu, ɗaya ya mutu da hantsi. Ta naɗe shi a ganye, ta ɗauki fartanya ta nufi bayan gari inda ta binne na bara. Tana sara ƙasa sai fartanya ta tono tsohon rami. Nama ya tafi, fata ta tafi, sai 'yan ƙasusuwa. A tsakiyarsu kuwa ga dunƙulen zare, ƙasa ta ɓata shi amma ko ɗigo bai ruɓe ba. Ta ɗauka ta karkaɗe. A jikinsa akwai ragowar ƙulli mai kunne biyu, irin wanda ba mai yin sa a ƙauyen sai ita.

Ta zauna a ƙasa. Ta ce a ranta, wannan abu Inna ta yi shi, kakata ta yi shi, karnukansu har furfura suka yi, to me ya canza? Ta ja zaren da hannu biyu, ya yanke mata yatsa bai tsinke ba. Sai ta tuna yadda Sahabi ke yabon sabon tarun, yana cewa wannan ko shekara ya yi a ruwa ba ya ruɓewa.

Ta bar fartanya a nan ta yi gida da gudu. Ta tarar da ɗan autan, wanda take kira Saura, ya danne ƙullinsa da ƙafa yana ja. Ta fizge. Ba ta san ko ya riga ya haɗiyi wani ba, ba kuma wanda za ta tambaya. Ya yi ta kuka yana cizon ƙafarta, ta duba ɗaki ba ta ga komai ba sai ƙirgin fatar sa da Sahabi ke zama a kai. Da ya dawo ya tarar an yanke wa ƙirginsa kusurwa an ba Saura yana tauna, ya tsaya yana kallon ta yana kallon kwikwiyo, ya ce yanzu kam ya tabbata akwai abin da ya biyo su daga gungu.

Inna Dudu, abin da kika yi bayan nan shi ya sa nake wannan rubutu. Da kin so, da kin mayar da zaren cikin rami kin rufe, a ci gaba da ɗora wa magabata da siminti laifi. Ke ce kika bi gida gida da zaren a hannu kina karɓe ƙullin da kika raba. Ke ce kika tsaya gaban Laraba, wadda ba ta da sauran ko ɗaya.

Laraba ta ce, "Yaya, ke ta kib ba ni shi da hannunki."

Kika ce, "Ni ta nib ba ki."

Har aka yi girbi Laraba ba ta sake gaishe ta ba. Amma Saura ya rayu. Lokacin da dawa ta fara kai ya yi girman da zai iya haushi, Sahabi ya kai shi gona, aka samu abin da ya kai su wata damina. Ba su koma Yelwa ba. Da Laraba ta samo sabon kwikwiyo daga Birnin Yauri, ita da kanta ta rungumo shi ta kawo gindin tsamiya, ta ajiye shi a gaban Dudu.

Tun daga nan Dudu ba ta ƙara yarda da abu don kawai an saba da shi ba. Abin da zai shige bakin kare gaba ɗaya, ba ta bayarwa. Abin da ke tsagewa da tsini, kamar dafaffen ƙashin kaza da ƙayar kifi, ba ta bayarwa. Abin da ke warwarewa ya zama zare kuwa, ko kusa. Fata ɗanya da ba a jeme ba, ko babban ƙashin sa da bai ga wuta ba, su ma a zauna kusa ana kallo, in sun ƙanƙance a ɗauke. An ga ta a kasuwar Yelwa ta bi wani maharbi har bakin jirgin ruwa don ta ga totuwar masara a bakin karensa. An ga ta ta sa hannu a bakin karen da ba ta sani ba ta ciro ƙwallon goruba. Mutane na cewa ta cika sa ido, ita kuwa ba ta musu.

Bana ta ce ido ya gaza, ta fara miƙa wuƙa da ƙwarya ga Zainabu, 'yar Laraba. Uwar karnukan bakin tafki, mun gode. Allah Ya ba ki lafiya, Ya saka miki da alheri. Mu kuma da muka gaji ayyuka iri iri daga iyaye, mu riƙa dubawa ko abin da ke hannunmu shi ne har yanzu abin da ke hannunsu, in mun ga ɓarna daga gare mu ta fito, mu fara faɗa kafin wani ya faɗa.

Abu ɗaya ne ta hana Zainabu. Tsohon zaren nan yana ɗaure a bakin zanen Inna Dudu. Duk wanda ya zo karɓar abin taunar kwikwiyo, sai ta kwance ta ɗora masa a tafin hannu, ta ce ya ja. In ya ja ya kasa tsinkawa, ya tambaya wane mugu ne ya ba kare wannan, sai ta ce, "Ni nik ƙulla shi."