Goggo Delu Ta Amsa

Shekarun baya, lokacin da nake aiki a wani ɗan ofis a Minjibir, wannan abu ya same ni, kuma wallahi tallahi ba a bakin wani na ji ba, ni ce zaune a kan kujerar. Mai yarda ya yarda, mai cewa tsohuwa ta ruɗe ya faɗa, ni dai na gaji da rantsuwa a kansa.

Ban taɓa shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari. Yaƙi da jahilci na fara, da yamma in na sauke tukunya, daga nan na lallaɓa har na zauna jarrabawa da sa'o'in 'ya'yana suna yi mini dariya, sannan na yi kwas ɗin kwamfuta a Kano, ina bin motar safe in dawo a ta yamma, ƙafa a kumbure. Saboda haka in kun ji na ce abu ya ba ni wuya, ku tabbata ba lalaci ba ne.

Ofishin na wata ƙungiya ce da ta zuba firij mai sola a ƙananan asibitocin ƙauyuka, daga nan har bayan Kunci, don ajiye allurar rigakafin yara. Kowane firij an maƙala masa ɗan akwati mai layin waya a ciki, yana haɗe da kwamfutar ofis. In akwati ya yi shiru, to wuta ta ɗauke a can, sai a tura mai babur kafin allura ta lalace. Aikina kowace safiya shi ne in bi su ɗaya bayan ɗaya, in buga lambar akwati, kwamfuta ta ƙwanƙwasa masa, in ga ko zai amsa. Gwaji aka ɗauke ni, ba a ba ni takardar aikin dindindin ba.

Shugabana Injiniya Sadisu, matashi ne, a haife na haife shi, Inna ma yake ce mini. Wata rana ya tsaya a kaina ya ce, "Inna, wannan bi ɗaya-ɗayan ya isa haka. Ki rubuta sikirif." Wato 'yan layukan umarni da za a jera wa kwamfuta ta riƙa yin zagayen da kanta. Ya ce manya za su zo daga Kano in an fara yankan gero, in sun ga abin yana aiki kujerar tawa ce, in kuwa ba haka ba akwai masu digiri a layi, shi ba zai iya tare mini ba. Na ce ka gaya wa masu digirin su nemi inuwa su zauna.

Baki ne kawai. Na sha wuyar da ban sha ba a wajen haihuwa. Rubutun farko ma ƙin tashi ya yi, kwamfuta ta ce ba ni da izini. Ni da na rubuta abu da hannuna! Sai da Injiniya ya nuna mini cewa fayil ma sai an ba shi izinin gudu. Na wuce nan, sai na bar ɗan fili a gefen alamar daidai, filin da ko ƙwayar gero ba za ta zauna a ciki ba, na yi wuni biyu ina zare ido ban gan shi ba. Na ari kwamfutar ɗana na yi gyara a gida, na kawo, ta ofis ta ce ba ta san zancen ba, wai waccan tana saka wata alama a ƙarshen kowane layi wadda ido ba ya gani. To ni yaya zan yi da abin da ido ba ya gani? Wata rana kuma na manta ban gaya mata sau nawa za ta ƙwanƙwasa ba, ta tsaya a ƙofar akwatin farko tun hantsi har azahar, ni kuwa ina zaune na naɗe hannu wai aiki take yi. Mafi muni, akwai ranar da ta ce kowa ya amsa, na yi guɗa a ofis, ashe ban sa ta duba sakamako ba, ko lambar jaki ka ba ta cewa za ta yi ya amsa. Ranar Injiniya bai yi dariya ba. Ya ce, "Inna, gara wanda ya ƙi aiki da wanda zai yi mana ƙarya. Yara za a yi wa allurar nan." Gaskiya ya faɗa, na haɗiye.

Lambobin akwatunan nan masu ɗige-ɗige su suka fi ruɗa ni, duk kama suke yi. Sai na yi abin da ya fi mini sauƙi, na laƙaba wa kowace lamba sunan mai riƙe da mukullin asibitin. In zagaye ya tashi sai ka ga allo yana jero su: Asabe ta amsa, Malam Ado ya amsa, Talatu shiru. Injiniya ya ce ba haka ake yi ba, na ce haka ni nake yi, ya ƙyale ni. Da haka dai abin ya daidaita, na fara samun barci.

Cikin sunayen akwai Goggo Delu, tsohuwar ungozoma ce a wani ƙauye can bayan Kunci. Sau biyu na taɓa ganinta, 'yar ƙaramar mace mai murya kamar ta maza, amma a waya kam mun saba, don duk ranar da akwatinta ya yi shiru ni nake kiranta, ta ce, "Ke 'yar nan, akuya ce ta ture waya, ina zuwa." Ni da jikoki take ce wa 'yar nan. Tsakiyar damina ta kwanta, kwana kaɗan Allah ya karɓi abarsa. Babu wanda zai riƙe asibitin, aka rufe, aka kai firij wani gari, akwatin kuma aka zare masa batir da layi aka sako shi a kwali, ga shi nan aka tura ƙarƙashin teburina.

Injiniya ya ce in goge sunanta. Na ce to, amma ban goge ba. Ko tabarmar makoki ba a naɗe ba, in sa hannu in share mata suna kamar wadda ta yi laifi? Na ce a raina bari a yi sadakar arba'in tukuna, ai ba abin da zai ɓaci, kullum kwamfuta za ta ce shiru, ni kuma in ce Allah ya ji ƙanta.

Washegari da hantsi, rana tar, na tayar da zagaye ina kurɓar koko. Asabe ta amsa. Talatu ta amsa. Goggo Delu ta amsa.

Na ajiye kofin. Na leƙa ƙarƙashin tebur, kwali yana nan da igiyarsa. Tsoro bai zo mini ba a lokacin, takaici ne ya zo, na ce shi ke nan, na sake ɓata wani abu. Na sake tayarwa, ta amsa. Na kashe kwamfutar na kunna, ta amsa. Kwana uku ina ɓoyewa ina tonon layukan nan har idona yana ruwa, ran na huɗu Injiniya ya gani da kansa.

"Inna, ƙaryar nan ta dawo."

"Ba ƙarya ba ce, na duba."

"Akwatin yana gindin ƙafarki ba batir, ki ce mini ba ƙarya ba ce?"

Ya ture ni gefe ya zauna. Ya ce wataƙila an ba wani lambar, ya kira kamfanin layin, suka ce lambar a rufe take. Ya buga ta da hannunsa, ba ta cikin rubutuna ba, shiru. Ya tayar da nawa, ta amsa. Ya ce kin gani, a wurinki matsalar take. Ya bi layukan da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi, dududu ba su cika allo ba, bai samu komai ba. Sai ya zuba wa wata ƙaramar lamba ido, wadda take nuna tsawon lokacin da amsa ta ɗauka kafin ta iso. Na ƙauyuka duk jan ƙafa suke yi saboda rashin sabis. Ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana, "Wannan ta fi firintar ofis ɗin nan kusa."

Ranar ya ɗauki kwalin ya sa a mota ya tafi da shi Kano. Ni kuma ya ce in hau babur in je ƙauyen in gani da idona, ko akwai wani akwatin da aka manta. Na tafi, hanya duk taɓo, gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, in ka fita daga gonar wani ka faɗa ta wani, ƙuguna kamar zai tsinke. Na yi wa iyalinta gaisuwa, surukarta ta ɗauko mukulli ta buɗe mini ɗakin asibitin. Ba komai sai shatin ƙafafun firij a ƙasa da sheƙar zanzaro a bango. Ko guntun waya babu. Matar ta ce, "Lafiya dai, Hajiya?" Na ce lafiya lau, kayan ofis nake dubawa. Me zan ce mata?

Da safe kwali yana Kano, ɗakin asibitin can babu kowa, na tayar a ofis. Ta amsa, da saurin nan dai, bai ragu ba.

Gwaji na ƙarshe ni na yi shi, Injiniya yana tsaye. Na bar lambar yadda take, na cire sunan na sa wata kalma kawai, akwati. Shiru. Na mayar da Goggo Delu. Ta amsa. Na sake cirewa, shiru. Na ɗaga hannu zan mayar, ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Inna, don girman Allah ki bari." Yaron da kullum yake ce mini kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Na ji tsikar jikina ta tashi tun daga ƙeya, na kuma ji ba na son juyawa in kalli gefen damana, alhali ba komai a wurin sai bango.

Ya ce manya jibi za su zo. In suka ga rufaffen asibiti yana amsawa, ba za su tsaya jin labari ba, cewa za su yi rubutun maƙaryaci ne, kuma shi ma ba zai iya sa hannu a kansa ba. Arba'in ba ta cika ba. Na zauna ina kallon sunan, na tuna motar safe da ta yamma, na tuna dariyar yaran nan a ɗakin jarrabawa. Na ce Goggo ki yafe ni, na goge layin gaba ɗaya, suna da lamba. Muka gwada, lafiya lau. Washegari ma lafiya lau.

Manya suka zo, mutum uku da wata Hajiya mai tabarau, aka jera musu kujeru aka kawo lemo. Na tayar da zagaye. Sunaye suka gangaro ɗaya bayan ɗaya, mai amsawa ya amsa, akwati guda ya yi shiru, aka kira waya a gabansu aka tarar da gaske wuta ce ta ɗauke. Suka yi ta gyaɗa kai, Hajiyar ta juya tana yi wa na kusa da ita bayani. A nan ne, bayan suna na ƙarshe, allo ya ƙara layi ɗaya. Babu suna a gabansa, fili ne kawai, sannan: ta amsa.

Na gani, Injiniya ya gani. Ya miƙo hannu ta kan kafaɗata ya share allon, ya ce, "To ranku ya daɗe, kun dai ga yadda yake aiki." Aka tafa mini. Ranar aka ce kujera ta zama tawa, na yi godiya, bakina kamar na tauna toka.

Da suka tafi muka zauna ni da shi har la'asar. Ya ce ƙila layin banza na bari a ƙasa, muka duba babu. Ya sake rubuta abin gaba ɗaya da hannunsa, a sabon fayil, da lambobi zalla ba sunan kowa, muka tayar, layin ya fito. Daga nan ya ƙara wani ɗan umarni a ƙarshe, wanda yake yanke layin ƙasa kafin ya hau allo. Ya ce, "Na sauran gaskiya ne, mun gwada. Allura ba za ta lalace ba. Wannan kuma, Inna, ni ban gan shi ba." Na ce ni ma ban gan shi ba.

Shekara da shekaru na yi a kujerar nan, har ƙungiyar ta naɗe kayanta. Kullum da safe allo tsaf, ba wanda ya taɓa ƙorafi. Amma ni na san rufewa muka yi, ba gyarawa ba. Sau ɗaya, bayan an daɗe, Injiniya ma ya bar aikin, zuciya ta raya mini in cire umarnin nan nasa in ga ko abin ya wuce. Na kai yatsa, na fasa. In na cire na tarar babu, to. In kuma na tarar yana nan fa, da wane ƙarfin zan dawo gobe in zauna?

Ku masu koyon wannan aiki, musamman 'yan uwana mata da suka faro a makare irina, za ku sha wuyar fili da izini da alamar da ba a gani, duk za su wuce, ku daure. Abu ɗaya nake roƙonku. Na'ura ku bar ta da lambarta, komai wuyar haddacewa. Kada ku sa mata sunan mutum, ku zo kuna kiran sa kowace safiya, don mutum yana tafiya, kuma ba ku san wa zai ci gaba da amsawa ba.